Kalandar da Ta Zo Cikin Dila

A rumfar babana, layin 'yan atamfa,
akwai kalandar da shekararta ta mutu tun ban yi wayo ba.
Cikin dilar 'yar Holan ta zo Sakkwato.
Baba Modi ya yage watannin ya hura garwashin shayi,
ya bar hoton rataye da ƙusa ɗaya.

Wani attajiri ne zaune da baƙar riga,
farin abin wuya kamar an zura masa faifai.
Gabansa sikeli, tsabar kuɗi, littafin bashi.
Bayansa taga,
cikin tagar jirage sun shanya fararen zannuwa
kamar gidan biki ranar wanki.
Ruwa har inda ido ya gaji.
Mu da Rima ce tekunmu,
ita ma in bazara ta matsa
yaro na ƙetare ta da wando a ka.

Baba kan ce: "Wanga mutum bai kwana ba.
Dubi idonai. Kayanai na bisa ruwa."
Ya san idon, irin nasa ne
duk makon da mota ta baro Kwatano
shiru, ba direba, ba labari.

Wata Laraba Jeɗo majemi ya zo sayen turmin suna,
farcensa baƙi da bagaruwa.
Bai kalli jirage ba, bai kalli zinariya ba.
Ya kai hanci dab da littafin bashin
kamar fenti zai yi masa wari.
"Wagga hwata tamu ta," ya ce.
"Jar akuya. Karan dafi.
Ko cikin duhu ina gane aikin gidanmu."
'Yan layi suka kwashe da dariya.
Shi ko a jikinsa:
"Modi, a rage mani kuɗin hwatar kakana."
Baba ya yi dariya har da tari,
ya rage.

Ban san ko gaskiyarsa ba ne.
Amma daren nan na bi fatar da ƙafa:
daga ramin jima zuwa bayan raƙumi,
Agadas, rairayi, rijiya mai ɗaci,
hannu ya ba hannu, kowa ya lasa,
har ta isa gaɓa ta hau ruwa
da sunan wata ƙasa a goshinta.
Mai zanen ya zauna ya bi hasken kowane kwabo,
ya zana ƙuda a kan ɓawon lemo,
hannun da ya kwana cikin toka kuwa
bai samu ko gefen allon ba.

Akwai wani duhu a kusurwar hagu.
Shekara da shekaru na ɗauka hayaƙin shayi ne.
Ranar da muka dawo daga binne Baba
na jiƙa tsumma na goge.
Bai fita ba.
Ido biyu ne suka fito,
yaro ne, kalarmu, riƙe da buta,
ɗan kunnen lu'ulu'u a kunne ɗaya.
Ba tagar yake kallo ba. Ya riga ya san ruwan.
Na rasa wa zan tambaya
ko shi ma yana cikin jan littafin,
layi ɗaya da masoro da kanumfari.

Yanzu ni ke kan tabarmar.
Kayana ɗigo ne a waya,
yana rarrafe kan shuɗin da ban taɓa taɓawa ba.
Jiya ɗigon ya tsaya cak tun hantsi.
Da cajin ya ƙare, gilashin ya yi baƙi,
na ga fuskata a ciki, da idon attajirin.
Na ɗaga kai.
Yaron na nan da butarsa,
bai zuba wa kowa ruwa ba har yau.